Gurbi Ɗaya Kusa da Inna

Mu a kwarinmu na Alto Sereno ba a zaɓen wurin kwanciya a makabarta. Wanda ya mutu, kusa da wanda ya riga shi za a sa shi, ko ɗan'uwansa ne, ko wanda suka yi shekaru ba sa gaisawa saboda iyakar gona. Layi ake yi. A fara daga bakin ƙofa a miƙe har shinge, in ya cika a dawo bakin ƙofa a ja sabo. Miji na can sama, matarsa na nan ƙasa, ɗansu na tsakanin mutanen da bai taɓa shiga gidansu ba. Mutanen gari in sun zo jana'iza sukan ce wannan wane irin tsari ne. Mu ba mu ga abin tambaya ba.

Ni ne Arlindo Klitzke, ni ke nome makabartar. Ba wanda ya naɗa ni. Wata rana ce na waiwaya na ga duk mai iya ɗaga fartanya ya tafi can jihar Rondoniya mai nisa neman ƙasar noma, ko ya gangara birnin Vitoriya aikin gini, an bar ni da tsofaffi. Matata ma ta bi yayyenta, ta ce za ta dawo bayan girbi. Ba ta faɗi wane girbin ba.

Rubutun da ke kan tsofaffin duwatsun kaburburan ban iya karanta shi ba, Jamusancin coci ne, ba irin yaren da muke yi a gida ba. Amma wanda ya daɗe yana tsugune a wurin da fartanya ya san abin da ya faru a kowane layi.

Layin farko ba dutse ko ɗaya. Gicciyen katako aka kafa musu, gara ta cinye tun kafin a haifi Baba. Sai 'yan tuddai, yawancinsu ba su kai tsawon ƙotar fartanyata ba. Yara ne. Shekarar da kakanninmu suka hawo duwatsun nan daga bakin teku suna saran daji, zazzaɓi ya bi bukkoki yana ɗiba. Da farko kowa bayan bukkarsa yake binne nasa, cikin kurmi, inda ko maƙwabci ba ya gani. Sai wata mata, Mina Raasch. Ita tun a jirgin ruwan da ya kawo su daga ƙasarsu ta asali ta rasa ɗanta na fari, aka naɗe shi a tsumma aka sake shi cikin teku tana tsaye tana kallo. Da 'yarta ta mutu a nan, mijin ya ɗauki shebur zai zagaya bayan bukka. Ta ce ya ajiye. Ta rungumi gawar ta haura har tudun da maƙwabtansu suka binne nasu yaron a makon, ta ce a tona a nan, kafaɗa da kafaɗa. Ta ce an bar mata ɗaya shi kaɗai a ruwa, ba za a bar mata ta biyu ita kaɗai a daji ba. Wanda ya mutu bayan yarinyar aka kawo shi gefenta. Shi ke nan, layi ya kafu. Baba yakan ba da labarin nan duk shekara ranar sharar makabarta, lokacin da kwarin gaba ɗaya ke fitowa da fartanyu da burodin masara da tulun kofi. Kalmomi iri ɗaya yake amfani da su, har muna yara mukan riga shi faɗin ƙarshen.

Can gaba akwai inda uwa da 'ya'yanta huɗu suka jeru. Zaftarewar ƙasa ce ta rufe musu gida, su kaɗai ne iyalin da suka samu kwanciya tare a wurin nan. Akwai layin da duwatsunsa sumul suke, ba rubutu. Lokacin yaƙi ne, da gwamnati ta hana yarenmu ko a kan kabari, tsofaffi suka ce gara a bar dutsen haka da a rubuta wa mamaci abin da ba zai gane ba. Daga nan layuka suka yi ta cika da sauri, ana haihuwa ana mutuwa kamar ko'ina. Sai layin ƙarshe, namu. Shi ya fi kowanne jinkiri. Tsakanin kabari da kabari sai a daɗe ba a taɓa shebur ba, don mutanen da ya kamata su cika shi suna can suna mutuwa a garin wasu.

Inna, mahaifiyata Erna, ita ta samu gurbi na biyun ƙarshe. Mun sa ta cikin baƙar rigar da aka ɗaura mata aure da ita, irin wadda amarenmu ke sawa a da. Bayanta saura gurbi ɗaya, a jikin shinge, ƙarƙashin bishiyar gwaiba. In wannan ya cika, ɓangaren nan ya ƙare ke nan. Mai bi masa sai bakin ƙofa, can ɗaya ƙarshen, tsallaken hanyar da ta ratsa makabartar, inda har yanzu ciyawa ce kawai, ba kowa dama ba kowa hagu. A lokacin kuwa mu da muka rage ba mu cika benci biyu a coci ba.

Baba, Edvino Klitzke, bai yi kuka ranar ba. Da aka gama rufe ta ya tsaya, amma ba kabarin yake kallo ba, gurbin da ke gefensa yake kallo. Na gane. A gida kuma sai ya riƙa sauko da kofuna biyu da safe, in ya tuna ya mayar da ɗaya. Tandar da Inna ke gasa burodi a bayan gida, kaza ta yi ƙwai a ciki.

Matsalar ita ce Kawu Baldo. Balduino Tesch, ba ɗan'uwanmu ba ne, maƙwabci ne, tare suka tashi da Baba, ya girme shi da 'yan watanni. Bai taɓa aure ba. Shi ke yi wa mutane kiɗan biki da konsatina, abin nan da ake ja ana matsewa, tun ana biki a kwarin. Danginsa duk sun ƙare, ko sun ɓace a Rondoniya. Abin da yake da shi tsohon kare ne da gida mai yoyo a kan tudu.

Duk Lahadi, ko fasto ya zo ko bai zo ba, Baba zai tafi makabarta da gwangwanin ruwa ya ba furannin Inna. Kawu Baldo ya biyo shi da sanda. Ni ina gefe ina noma.

"Gwauro, me kake aunawa da ido?" in ji Kawu Baldo. "Ka huta. Na kwanta na gwada ran Alhamis, daidai ni aka yanka shi."

"Tuzurun wofi," in ji Baba. "Shekara tamanin ba macen da ta yarda ta zauna kusa da kai, sai ka lallaɓo wurin wadda ba ta da bakin korarka."

"Ni na fara rawa da ita. Tambayi Hulda."

"Ka yi rawa da ita, ni na tafi da ita gida. Kai aka bari da kiɗa."

"To ai ka ci rabonka. Tun tana yarinya take jin munsharinka, ka bar baiwar Allah ta ji sabon labari."

Gwaggo Hulda, wata tsohuwar maƙwabciyarmu, na zaune a gefen kabarin mijinta tana gyara furen roba. Rabin kurma ce, amma irin wannan ba ya wuce ta. Ta ce, "Ku biyun duk ku yi hankali, kar in riga ku. Ni da Erna muna da zancen da ba mu ƙarasa ba."

Aka yi dariya. Baba ma ya yi, amma a hanyar gida, da muka kai wurin da muke shanya 'ya'yan kofin gonarmu, sai ya tsaya.

"Arlindo."

"Na'am, Baba."

"In tsohon nan ya riga ni, ka tsallake."

"In tsallake me?"

"Kar ka mai da ni yaro. Ka kai shi bakin ƙofa. Shi ba shi da kowa a nan, ko'ina ɗaya ne a wurinsa."

"Ba zan yi ba."

"Wa zai hana ka? Fasto? Yaron da bai san sunan rabin mutanen da ke ciki ba?"

"Ba wanda zai hana ni. Ba ni na ja layin ba, ba ni zan karya shi ba. Kai da bakinka ka hana tsoho Reinoldo lokacin da ya zo yana kuka a kan a ajiye masa wuri kusa da matarsa. Ina tsaye."

Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Taurin kan uwarka ka ɗauko," in ji shi, ya shige ɗaki.

Bayan wannan sai na lura kwalbar maganin hawan jininsa ba ta raguwa. Ya kuma koma cin kitsen alade da safe, yana fita tsakar rana ba hula. Na bar shi kwana biyu, sannan na ajiye masa ƙwayar kusa da kofinsa.

"Baba, ka san kabarin nan da ke bayan shinge, wanda aka kwantar a karkace?"

Ya sani. Kowa ya sani. Wani ne da ya rataye kansa zamanin kakana. Irinsu ba sa shiga layi.

"Ni ban rataye kaina ba."

"Shebur ɗin yana hannuna. Ni zan ce ko da gangan ne."

Ya haɗiye ƙwayar ba ruwa, ya zage ni da yaren gida, irin zagin da rabona da shi tun ina yaro.

Da ya ga ba zai iya gaggauta tasa ba, sai ya koma tsare ta Kawu Baldo. Akwai wani gyambo a bayan kunnen Kawu, irin wanda rana ke yi wa masu farar fata irinmu, da yawan tsofaffin kwarin nan da shi suka tafi. Ya daɗe yana shafa masa man alade. Wannan daminar ya buɗe, wuya ya kumbura. Baba da bai taɓa dafa ko ruwan zafi ba Inna na da rai, sai ga shi yana yanka kajinmu ɗaya bayan ɗaya, yana haura tudu da tukunyar romo a naɗe cikin tawul. Ya kwashe masa kwalaben giyar rake ya zubar a rafi. Ya ɓoye masa taba. Ya sa ni na hau na gyara masa rufin. Ranar ina sama ina jin su ta cikin ramin kwano.

"Sha," in ji Baba.

"Na ƙoshi."

"Sha, don ubanka. Kazar da ta fi kowacce ƙwai na yanka."

"Arlindo!" Kawu ya ɗaga murya. "Kana jin ƙauna? Da na san haka ubanka ya iya jinya, da shi na aura."

"Ka sha ka rayu, ka kai shekara ɗari."

"Don Allah fa? Duk saboda ni?"

"Saboda kai mana. Wa zai so ka mutu?"

Kawu ya yi dariya har ta koma tari. Ya sha cokali biyu ya ture kwanon. Duk kwarin an san dalilin romon nan, shi ma ya sani. Amma na ga yadda yake jawo kujera bakin ƙofa kullum da hantsi yana kallon hanya. Tun da aka daina biki ba wanda ke hawa gidan nan.

Da kumburin ya hana shi haɗiya, Baba ya ce asibiti. Kawu ya ce sai dai a kai gawarsa. Baba ya ce gawar ce ma ba ya so, ya tashi ya sa takalmi. Muka ɗora shi a gaban a-kori-kurata, tsakanina da Baba, da 'yar jakarsa a cinya. Hanyar gari ta bi ta gonakin da aka sayar, duk an dasa itacen turare, ba gida ba hayaƙi. Kawu yana nunawa da haɓa yana kiran sunaye: nan gidan su wane yake, nan ya yi kiɗa har kwana uku, nan aka fasa masa baki a kan wata yarinya. Da muka fara gangara sai makabartar gari ta bayyana a gefen titi, doguwar katanga fara mai ramuka kamar gidan tattabaru. A ciki suke zura mutum su liƙe da siminti, bayan 'yan shekaru in ba mai zuwa nemansa su kwashe ƙasusuwan su sa wani.

Kawu ya zunguri Baba da gwiwar hannu. "Yanzu na gane dabararka, gwauro. Ka kawo ni in mutu a nan, su zura ni cikin bango kamar burodi a tanda, kai kuma ka miƙe ƙafa ƙarƙashin gwaiba."

Baba ya yi ja har kunne. "Rufe mini baki. Warkewa na kawo ka ka yi."

"Ai ban ce laifi ba ne. Ni ma da haka zan yi."

Wasa yake yi, amma bai ƙara waiwayar katangar ba, kuma da muka sauke shi ya riƙe hannun rigar Baba ya daɗe bai saki ba. Na san Baba bai taɓa tunanin abin ba kafin ranar. Ni ma haka. Amma tun da aka faɗa, maganar ta biyo mu a mota har gida, ba wanda ya taɓa ta.

Ran Asabar muke zuwa duba shi. An yi masa aiki a wuya, ya rame, ba ya iya magana. Baba yakan tafi da reza ya yi masa aski yana ba shi labari: karensa ya fi shi cin abinci, Hulda ta ce a gaishe shi amma ba da zuciya ɗaya ba, kofi ya nuna bana. Kawu sai ya ɗaga hannu biyu ya yi kamar yana matsa konsatina, ya nuna Baba, ya toshe kunne. Baba ya ce, "Ko bakinka a ɗinke ba ka fasa rashin kunya ba."

Muna tsakiyar girbi, wata Talata da rana, ina juya kofi a wurin shanya, waya ta yi ƙara. Wata mata ce daga asibiti. Ta ce Balduino Tesch ya cika da safe. Ta ce ba su da sunan wani danginsa, lambata kawai aka bari. In akwai mai ɗaukarsa ya zo kafin jibi, in babu hukumar gari za ta binne shi, ba sai mun wahala ba. Da ladabi ta yi maganar.

Baba yana ɗaya gefen da manjagara. Na je na faɗa masa yadda ta faɗa, ban rage ba ban ƙara ba. Ya ci gaba da jan kofi.

Na ce, "Baba, ka saurare ni. Layi na wanda ya shigo ta ƙofar can ne. Wanda bai shigo ba, ba a tsallake shi ba. Mutanenmu nawa ke kwance a Rondoniya? Ba wanda ya ce an karya komai."

Bai daina jan kofin ba, na ci gaba.

"Ba danginmu ba ne. Ka yi masa abin da ko ɗan'uwa sai haka. Ba sai mun ce komai ba ma, mu yi zamanmu, jibi ta wuce."

"Hulda fa?"

"Gwaggo Hulda sai abin da aka faɗa mata da ƙarfi."

Gaskiyata nake faɗa. Na hana shi abin da ya roƙa, ga shi abin ya zo da kansa ta hanyar da ba ta taɓa layi ba, ban ga dalilin mayar da shi ba. Kawu Baldo ya mutu, bango ko gwaiba ba zai sani ba. Baba kuwa yana da rai, kuma da gurbin nan yake kwana yake tashi.

Ya jingine manjagara, ya fita ta ƙofar gona. Daga wurin shanya ana hango makabarta a kan tudu. Na ga ya shiga, amma bai nufi gwaiba ba. Layin farko ya nufa, wurin 'yan tuddan nan, ya tsaya a can hannu a baya. Sannan ya bi layi-layi a hankali kamar mai duba shuka, har ya kai wurin Inna. Nan ya daɗe. Na gama juya kofi, na tara, na rufe da tampol, yana nan tsaye.

Sai na ga ya fito ya nufi coci.

A wurinmu in an yi mutuwa ƙararrawa ake fara bugawa, kafin wanka, kafin akwati. In ta yi ƙara, mamacin ya zama na kwarin gaba ɗaya, ba mai iya cewa bai ji ba. Igiyar tana da nauyi, ni nake ja tun da ƙarfin Baba ya ragu. Bugun farko ya fito a raunane, kamar an taɓa ta bisa kuskure. Na biyu ya fi. Daga nan ta kama. Na hango Gwaggo Hulda ta fito ƙofar gidanta da hannu a goshi. Ita da ba ta jin mutum, ƙararrawa tana ji.

Ya dawo yana haki, fatar tafin hannunsa ta sale.

"Gobe da sassafe ka ta da motar. Ka sa katifa a baya."

"Baba."

"Na ce ka sa katifa. Hanyar ba kyau, kar akwatin ya yi ta buguwa."

"Ka san inda hakan zai kai ka."

"Na fi ka sanin wurin nan. Ina tona ramuka a ciki kana tsotson yatsa."

Mun ɗauko shi. Baba ya ƙi shiga gaba, ya zauna a baya, hannu ɗaya kan akwati ɗaya kan hula, tun daga gari har kwari. Da muka zo wucewa ta farar katangar na duba madubi, na ga bakinsa na motsi. Ban san ko addu'a yake yi ko zagi ba.

Na tona ƙarƙashin gwaiba. Saiwoyi sun ba ni wuya, sai da na sa gatari. Fasto bai samu zuwa ba, yana wata jana'izar a wani kwari, Baba ya karanta abin da ake karantawa. Mun sa masa littafin waƙoƙinsa na coci da matajinsa kamar yadda ake yi. Gwaggo Hulda ta ce a sa konsatinar, Baba ya ce a'a, Erna ba ta son hayaniya. Hannu bai isa ba, sai da na roƙi wasu 'yan ƙwadago da ke tsinkar kofi suka zo suka riƙe igiya.

Kafin in fara mayar da ƙasa, Baba ya matso bakin ramin ya leƙa.

"To, tuzuru, ka samu. Ka matsa can jikin shinge, kar ka takura ta." Ya juya wajen dutsen Inna. "Erna, ga Baldo nan. In ya fara labarin rawar nan, ki ce masa kin ji."

Ya zuba ƙasa da hannu, ya tafi bai jira kofin da ake sha bayan jana'iza ba. Da na dawo gida na tarar ya je ya kwanto karen Kawu, yana ba shi ragowar romo.

Ya ƙara shekara guda da wani abu. Bai daina zuwa ran Lahadi ba. Ya zuba wa furannin Inna ruwa, ragowar ya juye wa Kawu yana mita. A hanyar fita yakan tsaya a bakin ƙofa, tsallaken hanya, ya dubi ciyawar. Sau ɗaya ya ce mini, "Nan ruwa ba ya kwanciya?" Na ce ba ya yi, tudu ne. Ya ce to. Bai ƙara tayar da maganar ba, maganinsa kuma yana sha ba sai na ajiye masa ba.

Ya mutu da hantsi a kan kujera, kare a ƙafarsa. A al'adarmu ɗa ba ya tona wa ubansa, maƙwabta ke yi. Na duba kwarin ban ga maƙwabcin da zai iya ba. Na buga ƙararrawa, na ɗauki diga da shebur.

Ƙanwata Nelda ta iso daga Rondoniya da ƙurar hanya a jikinta, ta tarar na gama. Ta tsaya ta dubi ramin, ta dubi can inda gwaiba take.

"Yaya, kanka ɗaya kuwa? A nan? Shi kaɗai, kamar mai gadi?"

"Nan layi ya kawo."

"Wane layi? Wa ya rage da zai gani? Ka buɗe na Inna ka sa shi a sama, a can haka ake yi. Ko ka matsar da shingen."

"Ya samu hanyar da ta fi wannan sauƙi, ya ƙi."

Ba ta gane ba, ban kuma tsaya bayani ba. Ta yi kuka, ta ce ni da shi duk ɗaya ne. Kafin ta koma ta ce in sayar wa masu itacen turare in bi ta, akwai ɗaki a gidansu, mijinta na neman mai kula da shanu. Na ce zan yi tunani. Ta san ba zan yi ba.

Yanzu in zan yi noma daga wurin Baba nake farawa. In tsallaka hanya, in bi layinmu kabari-kabari har gwaiba. In na fara da sassafe, rana na tsaka nake isa wurin Inna. Tsakaninsu ke nan, aikin safiya guda.

Sabon layin ma ina nome shi, ba duka ba, gurbi biyu bayan Baba. Makon jiya Gwaggo Hulda ta zo da sandarta ta tsaya a kan na farkon, ta bubbuga ƙasar.

"Nan ne nawa?"

Na ɗaga murya na ce nan ne, in ba ni na riga ta ba.

"Kar ka soma," in ji ta. "Wa zai tona mini?"

Na biyun ba ta tambaya ba. Ta dubi dutsen Baba ta taɓe baki.

"Edvino. Duk kwarin nan a rasa wanda za a haɗa ni da shi sai wanda ya take mini agwagwa da keken shanu bai ba da haƙuri ba."

Ta zauna a gefen kabarin ta fara tisa masa maganar tun daga farko, da ƙarfi yadda kurame ke yi. Na bar su, na ɗauki fartanya na tsallaka hanya.